Ba A Kiwon Kare Ranar Farauta

Da zarar an kai amfani rumbu, hunturu ya fara kaɗa karan dawa a gonakin Tsanyawa, sai neman kare ya tashi a tsakanin samari. Wannan ya ji labarin karyar wani mafarauci ta haihu a 'Yankamaye, ya ɗaura kwali a bayan babur ya kama hanya. Wancan ya sayar da buhun gyaɗarsa ya nufi Kano, saboda ya gani a waya ana tallar 'yan kwikwiyon Turawa. Wani kuwa sai ya ji an sa ranar fita daji sannan ya fara bin gidaje neman aro. Kafin ruwan farko ya sauka, da yawa daga karnukan nan sun mutu, wasu sun koma kwana a juji, wasu sun ja wa masu su gurfana a gaban dagaci. Shekara na zagayowa, wasu samarin su sake taka sawun na bara.

Ɗana, son kare ba laifi ba ne, kuma ba wanda zai ce maka ka daina. Amma da Bahaushe ya ce ba a kiwon kare ranar farauta, ya san abin da ya gani. Sau nawa ake fita daji a rani guda? Sauran kwanakin shekara su ne kiwon: jan ruwa, kwashe kashi, cire kaska, neman allura, ba maƙwabci haƙuri. Irin wannan aiki ba a ɗaukarsa a waya, shi ya sa mai sha'awa ba ya ganinsa sai ya shiga.

Wurin zama ma yana da nasa hukunci. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tsanyawa mutum 157,680 a ƙasar da ba ta cika murabba'in kilomita 500 ba, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina, daga Bichi har ya fita iyakar jiha, ya san gona tana jikin gona, unguwa tana hango unguwa. Babu dajin da kare zai shiga ya sha yawonsa ya dawo bai taɓa kayan kowa ba. Yana fita daga zaure, taku kaɗan ya isa turken awakin wani, ko akurkin wata tsohuwa, ko hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo. Ga shi kuma tun da 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna taɓa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono a ƙarshen 2025, ba abin mamaki ba ne gidan da a da ba ya ko kallon kare ya fara tunanin ajiye mai haushi da dare. Buƙata ta ƙaru, amma fili yana nan yadda yake.

Ta fuskar addini, maganar a sarari take. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona ba, ladansa na raguwa kullum. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Malaman da suka yi sharhin Risala sun ruwaito cewa mai littafin, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi ga kuma tsoro a gari; da aka tuna masa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Kan cin kuɗin kare kuwa malamai sun yi saɓani: akwai hani a hadisi, amma Sahnun, mai Mudawwana, ya halatta sayar da karen da shari'a ta yarda a ajiye. Saurayin da ke son mayar da abin sana'a ya zauna da malaminsa tukuna, ya ji inda zai taka. Abin da ba saɓani a kansa shi ne haƙƙin dabbar. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi, an kuma azabtar da mace saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa. Wanda ya ɗaure kare a rana ya tafi majalisa ya san a wane ɓangare ya sa kansa.

A gidajen da suka gaji farauta, inda kare ke kai shekara takwas ko goma yana aiki, hidimar tana farawa ne bayan sallar Asuba. Maigida ko babban ɗansa ya zaga bayan gida, inda aka yi wa karnuka rumfar kara nesa da madafa da bakin rijiya. Kafin ya zuba komai, kallo yake fara yi. Wanne ya taso yana kaɗa wutsiya, wanne ya kwanta ya ƙi ɗago kai? Ya duba kashin da suka yi da dare, domin a nan ake fara ganin tsutsa ko zawo ko jini. Ya ɗaga leɓen kare ya kalli dasashi: in da ɗan ja-ja, lafiya lau; in ya yi fari fat, jini ya ja baya, kaska ko tsutsar ciki ta yi ɓarna. Sai ya tsuguna ya bi cikin kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya da hannunsa, yana tsince kaska ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a gwangwani mai ɗan kananzir. Ba ya yar da ita a ƙasa, saboda macen kaska guda da ta ƙoshi da jini tana hawa tsagar katanga ta zuba ƙwai dubbai.

Kafin ya gama, yaro ɗaya ya kwashe kashin ya kai nesa ya binne, wani ya wanke kasko ya cika shi da ruwa. Uwargida tuni ta ware ƙanzo da ragowar tuwon jiya a wani kwano da ba a ci da shi, ba a kuma haɗa shi da kwanukan gida wajen wanke-wanke, don kowa ya san hukuncin ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ne samari da dama ke fara kuskure: su shigo da kwikwiyo cikin kwali ba su shawarci kowa ba, bayan mako uku su tafi ci-rani Abuja ko Legas, su bar wa mahaifiya da ƙanne aikin da ba su ɗauka ba. Ɗana, kafin ka je ɗauko kare, ka fara samun amincewar wadda tukunyarta za ta ciyar da shi.

Da rana aikin kaɗan ne, amma shi ke kashe kare in an yi sake. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Kano, kare kuwa ba ya gumi irin na mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Inuwar da aka ɗaure shi a ciki da safe ta gudu kafin Azahar. Igiya mai tsawo, inuwar da ba ta tashi, da ruwan da ba ya yankewa, su ne rayuwarsa a bazara. Da La'asar sakaliya a kwance shi a fita da shi bayan gari, a nan ake horo: ya san sunansa, ya dawo in an kira, ya saki abu in an ce bari. Kwikwiyon da ya tashi cikin kaji da 'yan awaki tun yana ƙarami, ana tsawata masa duk lokacin da ya bi su, da wuya ya girma ya zama makashin kajin unguwa. Wanda aka kulle shi kaɗai ba ya ganin kowa, ranar da ya tsinke igiya komai nama ne a wurinsa.

Batun abinci yana da wani tarko da mutane ba su cika lura da shi ba. Tuwo da dusa kaɗai ba sa riƙe kare, musamman karya mai shayarwa, don haka ake zuwa wajen mahauta neman ƙashi da tarkacen nama. Yin haka daidai ne. Amma sau da yawa abin da mahauci ke jefa wa kare shi ne abin da ya ga bai dace da mutum ba: huhu ko hanta mai wasu ƙulle-ƙulle cike da ruwa. A cikin ƙullin nan akwai 'ya'yan wata tsutsa. Kare ya ci ɗanye, ta girma a hanjinsa ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya hau ciyawa da ganye da hannun yaro. Tumaki su ci su kamu, mutum ma ya kamu, ƙullin ya yi shekaru yana girma a hantarsa har sai an kai ga tiyata. Ranar Babbar Sallah, da kowane gida ke fiɗa, ita ce ranar da aka fi yin wannan kyauta mai cutarwa. Irin wannan huhu a binne shi da zurfi ko a ƙona. Sauran kayan ciki kuwa a dafa kafin a ba kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji, albasa mai yawa tana lalata masa jini, don haka ba kowace ragowar miya ce ta dace da shi ba.

Sai kuma zaɓen iri, inda kuɗin samari ya fi salwanta. Ido yana kan manyan karnukan waje, Alsatian da Rottweiler da Boerboel, har da Caucasian mai gashi buzu-buzu wanda asalinsa na duwatsu masu ƙanƙara ne. Irin waɗannan suna cin abin da ya fi ƙarfin aljihun manomi, zafi yana wahalar da su, ciwon kaska kuma yana saurin kayar da su fiye da namu. A birni, gidan da ke da wuta da likita a kusa, suna iya zama. A ƙauye sukan zama asara mai numfashi. Abin lura kuma, yayin da ake rububin nasu, su Turawan suna rububin na yankinmu. Siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na Buzaye da maƙwabtansu, wanda ake kira Azawakh da sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta ba shi cikakken matsayi a rajistarta. Karen gida na ƙasar Hausa, mai gajeren gashi da ɗamammen ciki, ya yi ɗaruruwan shekaru yana jure rana da ƙaya da ƙarancin abinci. Karen bana shi ke maganin zomon bana, haka nan karen ƙasa shi ya san ƙasar.

Wanda duk da haka ya ƙudura sayen na waje, ya je da ƙafarsa ya ga uwar, ya ga inda take kwana, ya nemi katin allura mai sa hannun likita. Akwai wata cuta da likitoci ke kira fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978: kwikwiyo ya daina cin abinci, ya fara amai, sai zawo mai jini da wari mai tayar da zuciya, cikin kwana biyu ko uku ya tafi. Ƙwayar cutar tana iya yin watanni da rai a cikin ƙasa. Saurayi ya rasa kwikwiyo, zuciya ta ɗebe shi ya sayo wani ya ajiye a rumfar da na farkon ya mutu, shi ma ya bi. Sai a ce baki ne ko hassada. Da an wanke wurin da ruwan bilic, an canza rumfa, an kuma yi wa sabon allurarsa tun yana mako 6 zuwa 8 aka maimaita yadda likita ya tsara, da labarin ya sha bamban.

Mai son ya riƙa samar da 'yan kwikwiyo yana sayarwa ko yana rabawa, lissafi ne jarinsa. Karya tana neman namiji kamar sau biyu a shekara, ta gida wani lokaci sau ɗaya, kuma abin yana ɗaukar mako biyu zuwa uku. A kwanakin nan duk karnukan unguwa za su taru a ƙofar gida, in ba a killace ta ba, ba mai sanin uban 'ya'yan. Akwai ma wani ciwon tsiro da ke fita a al'aurar karnuka yana zubar da jini, wanda ake ɗauka ta wajen barbara, ya kuma yawaita a tsakanin masu yawon banza. Mai hankali shi ke zaɓar namijin, ya duba lafiyarsa, ya guji haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa, ya bar neman farko ya wuce har karyar ta gama girma. Daga barbara zuwa haihuwa kwana 63 ne, da 'yar gaba ko baya. Ka rubuta ranar a littafi, ɗana, kada ka dogara da ka. Jarirai suna zuwa ido a rufe, su buɗe bayan kwana 10 zuwa 14. Yawanci da tsutsar ciki ake haifarsu, shi ya sa ake ganin ciki ya kumbura ƙafa ta sirance, kuma tun suna mako biyu ake fara ba su maganinta. Kada a raba su da uwa kafin mako takwas, komai nacin mai saye. Tambaya mafi nauyi kuwa kafin barbara ake yin ta: in ta haifi bakwai, hannun wa da wa za su shiga? Waɗanda ba a tanadar wa gida ba su ne gobe ke kwana a kasuwa, ba mai su, ba allura.

Rashin likita a kusa yana sa samari yin likitanci da kansu, kuma nan ma an ga sakamako. A ga kaska ta yi yawa, a ɗauko fiya-fiya ko ragowar maganin feshin wake a wanke kare da shi. Cikin sa'a guda ya fara dalala da karkarwa, wani lokaci har yaron da ya riƙe shi ya kwana da ciwon kai. A ga ƙazuwa ta cinye gashi, a shafe shi da baƙin man inji, ya lashe ya sha guba. A ga yana ɗingishi, a jefa masa ƙwayar ciwon jiki ta mutane, ta ci masa ciki da ƙoda. Mafi muni su ne masu ɗura wa kare barkono ko ƙwaya, ko su riƙa dukansa a ɗaure, wai don ya yi zafi. Karen da aka zalunta haka ba ya bambance ɓarawo da almajiri. Mai gadi na ƙwarai aikinsa ya ji motsi ya tashi gida. Haushinsa ake buƙata, ba haƙorinsa ba. A sakatariyar ƙaramar hukuma akwai sashen gona da malaman dabbobi, a Kano akwai asibitocin dabbobi na Gwale da Kundila, a Zariya akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Lambar wayar malamin dabbobi guda ɗaya ta fi shawarar majalisa goma amfani.

Duk abin da aka ambata a baya asarar dukiya ce ko ta dabba. Haukan kare kuwa asarar rai ce, kuma a nan ya kamata a tsaya sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukarta, kuma kusan huɗu cikin goma na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake: yaro ne ke wasa da kwikwiyo, shi ke jifan kare a lungu, tsayinsa daidai bakin kare, kuma shi ke ɓoye ɗan yaƙushi don kada a yi masa faɗa. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Ta shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Bayan wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, sai zazzaɓi, sai firgita, sai a miƙo ruwa maƙogwaro ya shaƙe mutum ya kasa haɗiya alhali ƙishi na cinsa. In an kai nan, kusan babu mai tashi, ko a wane asibiti ne a duniya. A ƙauye sau da yawa sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi har rai ya yi halinsa, ba wanda ya tuna da cizon da aka yi kafin Sallah.

Abin da ke ƙara ciwo shi ne rigakafin ya daɗe da samuwa. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar a Faransa, ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da cutar a duniya. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta yi shekaru tana sarrafa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ƙungiyar 'yan farauta guda, in Sarkin Dawa ya sa baki aka haɗa kuɗi aka gayyato malamin dabbobi, tana iya gama karnukanta a yini ɗaya.

'Yata, wannan sashe naki ne musamman, domin ke ce kike gida lokacin da ƙaninki zai shigo yana kuka da jini a ƙwauri. Kada ki jira a dawo daga gona. Ki ɗauko sabulu da ruwa mai yawa, ki wanke wurin kina kwarara ruwa har tsawon minti 15, ko da yana ihu. Wankin nan kaɗai yana rage haɗarin ƙwarai. Kada a ɗaure ciwon, kada a zuba toka ko barkono, kada a tsaya neman gashin karen don a ƙona a shafa, wannan bai taɓa kashe ƙwayar cutar ba. A ranar a kai shi asibiti a faɗa ƙarara cewa cizon kare ne, a nemi allurar haukan kare, domin ta tetanus daban ce kuma ba ta tsayawa a madadinta. In ba a samu a kusa ba, a wuce Bichi ko Kano. Allurai ne da ake yi a ranaku daban-daban, ranar farko, ta uku, ta bakwai, da abin da likita ya ƙara, kuma sai an cika su. Shi kuwa karen, in an san mai shi, a kulle shi kwana 10 ana ba shi abinci ana lura. In ya canza hali, yana dalala, yana cizon itace da ƙasa, ko ya yi laƙwas muƙamuƙi ya saki, a sanar da malamin dabbobi, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi. Mai kare na gari shi ke fara zuwa gidan da aka yi cizon, da katin allura a hannu da kuɗin magani a aljihu, tun ba a aiko masa ba.

Akwai kuma ajiya. A manyan birane har gidaje ake buɗewa inda matafiyi ke barin karensa ya biya kuɗin kwana. A ƙauye abin yana nan ba tare da allon talla ba: mai tafiya ci-rani ko aikin Hajji ya jawo karensa ya kai wa aboki. Saurayin da ya iya hidima yana iya samun abin sawa a aljihu ta nan, amma amana ce, kuma a fiƙihu mai riƙon amana yana biya in ya yi sakaci. Kafin a karɓa a yi magana a gaban shaida: wa ke ciyarwa, wa ke biyan magani, wa ke da alhaki in ya yi ɓarna, an yarda a fita da shi daji ko ba a yarda ba. Baƙon kare a ware shi mako biyu kafin ya haɗu da na gida, wanda ba shi da shaidar allura kuwa a ba mai shi haƙuri. Zumunci da yawa ya lalace a kan karen ajiya da aka tafi da shi farauta bai dawo ba.

Farautar ita kanta ta canza. Zomo da kurege da gafiya sun yi ƙaranci a ƙasar da ake nomewa kaf, sai an yi hayar mota an tafi nesa. Dajin Rugu ya zama na 'yan bindiga, Falgore kuwa gandun gwamnati ne mai doka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma gudun yanzu ya haɗa da hanya mai haɗari. A ƙarshen Maris 2025 aka tare motar wasu mafarauta 'yan Jihar Kano a Uromi ta Jihar Edo, suna dawowa daga Ribas don Ƙaramar Sallah, aka yi musu ƙazafin satar mutane, aka kashe 16, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure. Zalunci aka yi musu tsantsa, ba su da laifin komai. Sai dai wanda zai bi irin wannan hanya bayansu ya tafi da katin shaida da takardar ƙungiya, shugabanni su san inda ya nufa. A dajin ma, a saki kare da Bismillah, abin da aka riska da rai a yanka, a bar wa mai kamu kamunsa. Faɗan ƙwace nama da gora da barandami shi ya sa iyaye da yawa ke jin sunan farauta gabansu ya faɗi.

Wata rana kare zai tsufa, gudu ya ragu, haƙori ya zube. A lokacin ne masu saye ke zagayowa ƙauyuka, suna tara karnuka a keji zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, daga can a wuce da su kudu inda ake cin namansu. Wasu kan yi dabarar miƙa musu wanda ya fara ciwo ko ya ciji wani, don a rabu da ƙaya. Binciken likitocin dabbobi a irin waɗannan kasuwanni ya sha gano ƙwayar haukan kare a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka, har da waɗanda ido ke gani lafiyayyu. Wanda ya sayar da karen da yake zargi ya ɗora cutar a mota ya aika wa direba da mahauci da yaran wani gari. Wanda ake zargi, malamin dabbobi ne zai yanke hukuncinsa. Tsohon da lafiyarsa ƙalau kuwa, wanda ya yi shekaru yana kwana a bakin turke don awaki su kai safe, kunnensa bai daina ji ba ko da ƙafa ta gaza. Mafarautan da suka san hakki sukan jiƙa masa tuwon da romo saboda haƙori, su matsar da kaskonsa kusa da inuwa, su bar shi yana fita tare da 'yan kwikwiyo da yamma, domin a wurinsa suke koyon bin sawu da dawowa in an kira.